Banda Nauyi, Illa

Zuwa ga ƙanena Illa, ɗan Abdu Maƙeri na Tamaske, duk inda wagga takarda ta iske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka, da ta iyalinka in Allah Ya ba ka, da ta mutanen da kake zaune cikinsu, ina sanar da kai cewa ni ce Habsu, yayarka, kuma ina nan da rai. Gwiwoyi sun ƙi, ido guda ya fara hazo, amma bakin nan da ka sani bai mutu ba. Na san ba kai kaɗai za ka karanta ba, in ma ka karanta. An ce mani abin da anka rubuta cikin salula shina kai inda ƙafa ba ta kai. To, bari su karanta, ba ni jin kunyar kowa. Wataƙila ɗayansu ya taɓa zama kusa da wani dattijo ɗan Adar mai tabon ƙuna a babban yatsan hagu.

Ga abin da ya tayar mani da kai. Mijin Rabi ɗiyata ya dawo daga Tawa da tsarabar yara, wani ɗan jirgin sama mai saukar ungulu na roba, wanda ake tuƙawa daga nesa. Sunka tayar da shi a tsakar gida, kaji sunka watse. Da ya sauka na ce a miƙo mani. Na aza shi a tafin hannu, wallahi ɗan tsako ya fi shi nauyi. Sai na nemi turmi na zauna. Rabi na tambayata ko jiri ne, na ce mata awo, jiri ne.

Ka tuna rumfar Baba a bakin kasuwa? Gwangwanayen tumatir da na madara tuli guda, almakashi, guduma, ɗan murhun gawayi da ƙarfen liƙi a ciki, da sandar dalma da ba ya bari kowa ya taɓa. Fitila aci-balbal, mazurari, moɗa, buta. Mai saye ba ya fara da tambaya. Ɗauka yake yi ya jinjina a hannu. In ya ce, “Kai, da nauyi!” to ciniki ya faɗa. In ya ji sakayau, ya aje ya wuce gaba. Baba ya kan ce, “Mai saye da hannu yake gani. Aikin da bai da nauyi, mai shi ma bai da shi.” Da wagga magana anka yaye ka. Na sha ganin ya buge maka hannu don ka yi rowar dalma a gindin fitila.

Shekarar babbar yunwa ta farko, wadda shanun Fulani sunka ƙare, jirgin sojoji mai saukar ungulu ya sauka a fakon gabas da gari, ya kawo likitoci. Kowa ya ranta a na kare. Awaki sunka tsinke igiya, mata sunka suri goyo. Kai kuwa, ja'iri, can ka nufa. Soja ya kore ka, ka dawo, ya sake kora, ka sake dawowa, har ya gaji ya ƙyale ka. Ka yi ta kewaya shi kana shafawa. Da ka komo gida ko furar da Inna ta rage maka ba ka duba ba, ka ce mani, “Yaya, ashe shi ma gwangwani ne! Ɗinke shi anka yi da ƙusoshi.” Ba a jima ba ka ƙera naka ƙarami, ka rataye a bakin rumfa, iska na juya mashi fukafukai. Baba ya ce ɓarnar dalma ce, amma bai sauke shi ba.

Da yunwa ta sake zagayowa bayan shekaru, Baba ya riga mu gidan gaskiya. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Wa ke sayen fitila alhali ba abin da za a haska cikin tukunya? Tsaranka duk sun tahi, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Mijina ma ya bi su. Gari ya koma na mata da tsoffi. Ni da sauran mata muna ɗaukar duwatsu a ka a shantiyen furoje, wato filin aikin raya karkara da nasara sunka kawo, muna jera su a gangaren tudu don su tare ruwa, a ba mu hatsi da mai da sardin. Mu ci kifin, in kawo maka gwangwanin. Kai kaɗai ne namijin da ya saura a gidanmu, ga Inna idonta ya tahi rabi. Duk sanda na ji kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a tasha, sai in ce kai ya zo ɗauka. Abu guda nake roƙon Allah, Illa: Ya kawo abin da zai riƙe ka a gida.

Na ɗauka Ya kawo, ranar da Jan Gemu ya tsaya a rumfarka. Ba ka manta shi ba, nasaran nan babban makanisiye mai gyaran motoci a garajin furoje na Keita, wanda rana ta gasa wa wuya. Shina da ɗan jirgi mai saukar ungulu, tsawonsa kamar kamu biyu, mai shan isansi, wato fetur, da yake tayarwa ranar Lahadi da wani akwati mai sanda biyu da dogon anten. Jirgin na tashi sosai, sai dai tsirara yake. Ƙwanson roba ne fari fes, ba ƙofa, ba kujera, ba komi. Ya ga naka na gwangwani rataye, ya tsaya shina kallo baki buɗe. Ya kirga ƙusoshin da yatsa. Washegari ya dawo da ƙwanson nasa, ya cire daga jikin injin, ya aje a gabanka.

Ina wurin, na kawo maka fura. Hausarsa ta kasuwa ce, kalma nan kalma can, sauran da hannu. Abin da munka fahimta shi ne zai tahi konje, wato hutu, ƙasarsu, kai kuma ka yi wa jirgin duk abin da na gaske ke da shi. In ya dawo aiki ya yi kyau, akwai wuri a garaji, za su koya maka gyaran mota. Aiki a Keita, Illa! Nan kusa, inda za ka riƙa zuwa kana ganin Inna ranar kasuwa. Kai kana durƙushe, kai a ƙasa, ba ka ko iya duban idonsa. Sai ya dafa kafaɗarka da hannu guda, ɗayan hannun a kan ƙwanson, ya ce, “Banda nauyi, Illa. Banda nauyi.” Ya maimaita har ya shiga mota.

To, ka gaya mani. A wurinmu, in babba ya ga ƙarami ya sunkuyar da kai, ya dafa shi ya ce mashi banda nauyi, mi yake nufi? Saki jikinka, kada ka ji nauyina, yi yadda ranka ke so. Haka ka ji. Haka na ji. Haka mai goro na kusa da rumfa ya ji, har ya ce wanga nasara ya san mutunci. Ko limamin Tamaske ne a wurin, haka zai ji. Na je gida na ba Inna labari, ta ɗaga hannu ta shi mashi albarka.

Ka kuwa saki jiki. Ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irin na wannan rani ba, ga yunwa ga komi. Ƙofofi ka fara yi, masu buɗewa da rufewa, ka yi masu marataya da ƙarfen tsohuwar laima, hannun ƙofar kuma allura ce ka lanƙwasa. Kujeru ka yi na ƙarfe, ka je wurin dukawa ka roƙo guntayen jar fatar akuya ta Madawa ka lulluɓe su, har da ɗinkin gefe. Agogunan gaban direba kuwa, gindin kwalaben allura ka tsinto a bayan disfanser, ɗakin shan magani, ka yi ta goga su a kan dutse har sunka zama ƴan mitsi-mitsi kamar ƙwayar wake. Matakala. Tankuna biyu na tagulla a gefe. Ƴar fitila a hanci. Direba kaɗai ba ka yi ba, don Inna ta ce ba a gidanta za a ƙera mutum ba.

Sai ƙusoshin. Kai, ƙusoshin nan! Ka yanka gwangwani siriri-siriri, kana ɗiga dalma ɗigo-ɗigo a jere, kowane ɗigo daidai da ɗan'uwansa, sannan ka manna a jikin ƙwanson layi-layi yadda ka gani a jirgin sojoji. Nan ne dalma ta zubo maka a yatsa. Ka tsoma shi cikin randa, ka ɗaure da tsumma, ka ci gaba. Na yi ta faɗa, na ce yatsa za ka rasa a kan abin wasan nasara. Ka yi dariya ka ce, “Yaya, wanga abin wasa shi zai ciyar da Inna.”

Akwai abu guda da nake so ka tuna. Ƙofar farko da ka yi, da marfin sardin ka yi ta, falle guda. Ta yi kyau har ba a magana. Ka aza ta a tafin hannu ka jinjina, ka yamutsa fuska irin ta Baba, ka ce ta yi sakayau, abin kunya ne a kai wa baƙo. Ka wurgar da ita bayan rumbu, ka sake wata ninki biyu, ka cika mata dalma. Ni na tsince ta da na zo shara. Ta ba ni sha'awa ne kawai, na jefa cikin kwanon Inna.

Jan Gemu ya dawo. Anka sa Lahadi da hantsi, a fakon nan dai na gabas. Labarin aikinka ya riga ya cika gari, har daga Garhanga wasu sunka zo. Na riƙo hannun Inna na zaunar da ita a inuwar aduwa. Ka sa rigar sallarka. Ka kwance zanen da ka naɗe ƙwanson, jama'a sunka yi kabbara. Nasaran ya durƙusa, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya leƙa agogunan, ya shafa ƙusoshin, shina ta girgiza kai shina magana da harshensu. Sannan ya ɗaga shi da hannu biyu. Na ga fuskarsa ta sake. Ya jinjina, ya sake jinjinawa, ya ce, “Kai, nauyi!”

Kai kuma ka yi murmushi, Illa. Ka waiwayo ka dube ni, haƙora duk waje. Ai maganar mai saye ce. Ni ma na yi murmushi. Wannan murmushin naka ya fi komi ci mani rai har yau.

Jan Gemu ya koma ga injinsa. Ya ɗaura ƙwanson a jikin injin, ya zuba isansi, ya tayar. Injin ya yi ta ihu. Fukafukai na juyawa har ba a ganinsu, tsakuwa na tashi tana bugun ƙafafun mutane. Jirgin ya ɗaga ƙafa guda, ya ja ɗayar a ƙasa, ya karkata, ya koma ya zauna. Ya sake gwadawa. Ya yi tsalle kamar kazar da anka ɗaure wa ƙafa, ya sake zama. Sai Sani ɗan kawu, taubashinka, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ɗaga murya ya ce, “Maƙeri, ungulunka ta ci ta ƙoshi!” Jama'a sunka fashe da dariya. Ba mugunta ba ce, na sani. Mutane sun daɗe ba su sami abin dariya ba.

Jan Gemu ya kashe injin. Ya ciro ɗan ƙarfe daga aljihu, ya durƙusa, ya fara kwancewa. Ya cire ƙofa ya miƙa maka. Ya cire kujera ya miƙa maka. Tankuna, matakala, allon agogo. Ba ka da inda za ka sa, sai ka tara bakin rigarka. Layin ƙusoshin ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. A hankali yake yi, shina hura kowane kafin ya ba ka, amma a gaban gari duka yake yi. Da ya gama ya sake tayarwa, jirgin ya tashi sama fir, tsirara yadda ya zo. Mata sunka rangaɗa guɗa. Kowa ya ɗaga kai sama, ni kaɗai nake kallonka, kana tsaye da riga cike da gwangwani.

Inna ta ji guɗa, ta lalubo hannuna ta ce, “Ya tashi?” Na ce, “Ya tashi, Inna.” Ta shafa fatiha. Mi zan ce mata? Ai ya tashi.

Kafin la'asar yara sun mai da maganar Sani waƙa. Ka bi ta kasuwa, ungulu ta ƙoshi. Ka je rijiya, ungulu ta ƙoshi. Na kama ɗaya na murɗe mashi kunne, na je har gidan kawu na wanke Sani tas, ya yi ta rantsuwa wasa yake yi. Bai hana komi ba. Ka rufe rumfa. Ka sauke jirgin gwangwanin da ko Baba bai sauke ba. Na ce ka je Keita ka ga nasaran, ko ba komi ka ji mi ya faru. Ka ce, “Yaya, ba ni iya haɗa ido da shi. Ya ce in saki jiki, na saki, na kunyata shi gaban mutane.” Na yi lallashi, na yi zagi, na yi kuka, na haɗa ka da nonon Inna. Taurin kan nan naku na gidan Abdu Maƙeri! Ranar kasuwa ta gaba ka juye kayan jirgin cikin kwanon Inna, ka hau kamiyon albasa mai zuwa kudu. Na bi shi da gudu har bakin gari, zane na kwancewa. Ka ɗaga mani hannun nan mai tsumma.

Ga abin da ba ka sani ba, shi ne kuma dalilin wagga takarda.

Bayan tafiyarka da ƴan kwanaki, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Jan Gemu ne, wannan karon da tafinta, wani ɗan Buza da ya yi lekol, makarantar boko. A hannunsa da karan dawa. Ya ɓare shi a gabana, ya nuna mani totuwar ciki, farar nan mai laushi da yara ke yin mota da ita. Tafinta ya ce, nasara ya ce laifin bakinsa ne. Nauyi na awo yake nufi, nauyin da jirgi zai ɗauka. Bai san kalmar na da wata fuska ba. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin hannu irin naka ba, ko a ƙasarsu. So yake ka sake yin komi yadda ka yi, amma da totuwa da gwangwani falle guda. Ya ce maganar garaji tana nan, ba ta taɓa tashi ba, tun ranar Lahadin ya so ya gaya maka, ya waiga bai gan ka ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko kwanon. Shina tona kayan, sai hannunsa ya faɗa kan ƙofar farko, wadda ka wurgar bayan rumbu. Ya aza ta a tafin hannu. Ya jinjina. Ya rufe ido ya ce da Hausa, ba tafinta, “Wannan.” Illa, na zauna a ƙasa daɓas, a gaban baƙo, ban san sanda na aza hannu a ka ba.

Na yi abin da zan iya. Duk ɗan Tamaske mai zuwa Abijan na ba shi saƙo. Na je wurin mai rediyo na cika kasat da magana, na ba direban albasa. Wani ya ce ya gan ka a bakin teku kana dako. Wani ya ce a'a, ka wuce Gana. Wani ya ce ya ba ka saƙon, ka yi shiru. Da na matsa shi ya ce wataƙila wani Illa ne. Kasat guda ka aiko, shekara ta biyu. Ka gaida Inna, ka gaida ni, ka gaida har jakin kawu, ba ka faɗi inda kake ba, ba ka ambaci jirgi ba. Nasaran ya riƙe maka wurin har damina ta wuce, sannan anka ba wani. Da Jan Gemu zai koma ƙasarsu ya biyo ya yi mamu sallama. Na miƙa mashi kwanon, ya ƙi karɓa, ya ce na mai shi ne.

Inna ta rasu tana gaya wa masu zuwa gaishe ta cewa jirgin ɗanta ya tashi, shi ya sa manyan ƙasashe sunka kira shi. Ba wanda ya gyara mata. Sani ma ya rasu. Kafin ya cika ya aiko a kira ni, ya ce in na gan ka in roƙa mashi gafara. Na ce mashi to. Yaran da sunka yi maka waƙa yau su ne masu furfura, na tambayi ɗaya kwanan baya, ko tunawa bai yi ba. Duwatsun da munka jera sun tare ruwa, itatuwa sun fito a tudun da ka sani ƙwal. Fitila aci-balbal ba mai sayenta yanzu, kowa da tocila.

Kwanon yana nan ƙarƙashin gadona. Fatar kujerun ta bushe ta tsage, amma ƙofofin har gobe suna buɗewa. Na kan ɗauko guda biyun, mai dalma a hannun dama, ta farko a hagu, in yi ta jinjinawa. Bambancinsu bai kai goro guda ba. Na rasa wanda zan kama da laifi. Baba gaskiya ya koya maka. Nasaran gaskiya ya faɗa. Kai kuma aiki ka yi da zuciya ɗaya. Da akwai mai laifi da na zage shi na huta.

Ni na goye ka, Illa. Inna na daka, kai kana bayana, kana jan mani kitso. Na kai ka rijiya, na kai ka gona, ƙafafunka har suna bugun cinyoyina mutane na cewa in sauke ƙato. Ban taɓa cewa ka yi mani nauyi ba. Na ɗauki duwatsun tudun Keita a kaina, wuyana bai karye ba. Rashin sanin inda kake ne na kasa ɗauka, kuma ba ni da inda zan aje.

In kana da rai, ba na tambayarka mi ka tara. Ko riga guda gare ka, ita ta ishe ni. Ba wanda zai tambaye ka ina ka kwana duk shekarun nan, in wani ya tambaya ni ce zan amsa mashi, ka san ni. Ɗakin Baba na nan, na sa an yi mashi sabon yaɓe.

Allah Ya kai wagga magana kunnenka. In kana cikin wahala, Allah Ya sassauta maka. In kuma ka riga ni, Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ƙasar baƙi ta yi maka sauƙi, Ya haɗa ka da Inna da Baba, Ya cika maka mizani da nauyin da ake so ranar gobe. Amin.

Wancan karon baƙo ne ya faɗa maka, da Hausar da ba tasa ba. Yau yayarka ce ke faɗa, kuma abin da ka ji a ranar, shi nake nufi. Banda nauyi, Illa. Ɗago kanka ka zo gida.

Ni ce wadda ta goye ka,
Habsu, Tamaske.